Na tambayi burkini a Kantamanto, aka nuna mini mai burkina

Ranar wata Asabar bayan ƙaramar Sallar 2025 na tsaya gaban wata mai sayar da gwanjo a kasuwar Kantamanto. Na rage murya kamar mai neman abin da bai halatta ba, na ce mata: "Anti, don Allah kina da burkini?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga hannu ta nuna mini bakin titi. "Ga yarinyar can mai kula, nata da sanyi." Ashe burkina ta ji, gero da nonon nan da muke sha da rana. Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta taya ni, ko da yake ba ta san abin dariyar ba. Da na yi mata bayani cewa kayan shiga ruwa nake nema, irin wanda ke rufe jiki duka, sai ta sake dubana, a wannan karon a hankali, ta ce: "Ke? Hajiya, da wannan jikin za ki shiga ruwa?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Tambayar da na yi wata huɗu ina yi wa kaina ce ta fito daga bakinta.

Shekarata 36. A Nima aka haife ni, a nan na yi makarantar allo da sukul, na tafi kwalejin horar da malamai, na dawo ina koyar da lissafi da kimiyya a ƙaramar sakandare. 'Ya'yana uku. Daga gidanmu zuwa bakin teku a Labadi ba wata tafiya ba ce a turoturo, amma har zuwa wannan ranar ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Abin da likita ta rubuta a katina

A ƙarshen 2024 ciwon kai ya matsa mini. Yakan fara daga ƙeya tun da asuba, in sha farasitamol in tafi aji. Wata rana ina rubutu a allo na ga layukan suna rawa. Da na je asibiti aka auna jinina aka samu 150 bisa 95. Aka ce in dawo bayan mako biyu, aka sake samun kusan haka. Likitar, wata mace da ba ta girme ni sosai ba, ta ce duk awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko ya haura, hawan jini ne. Ta sa na hau sikeli: kilo 94. Tsawona mita 1.62.

Ni mai koyar da lissafi ce, don haka da kaina na yi lissafin a zuci tun kafin ta gama. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Nawa ya ba da kusan 36. Daga 25 ake cewa nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce da likita zai sa wa ido. Sai ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya cikina: santimita 104. Ta ce abu mai sauƙin riƙewa shi ne, kada zagayen cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa. Rabin tsawona 81 ne.

Ta tambaye ni ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Na ce Mma. Shekara shida ke nan da ta faɗi a tsakar gida tana shirin alwala, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mu ke juya ta, mu ke yi mata wanka, matar da a da take sauke tukunyar wake da shinkafa ta sayarwa ita kaɗai. Likitar ba ta ƙara wani dogon bayani ba. Ta rubuta magani, ta ce in rage gishiri da dunƙulen magi, ta kuma rubuta a bayan katin: minti 150 a mako. Wannan shi ne mafi ƙarancin motsa jikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara su riƙa yi, wato kamar rabin awa sau biyar a mako.

"Kin yi kyau, kin yi jiki"

Duk wadda ta tashi a zango ta san yadda maganar jiki take a wurinmu. Ina budurwa siririya ce ni, har ana kirana sillen kara. Kafin aurena wata gwaggona ta kira ni ɗaki ta ce: "Haka za a kai ki? Sai dangin miji su ce ba ma ba ki abinci." Aka ɗora ni a kan fura da nono, koko da ƙosai da safe, tuwon zafi da dare. Bayan haihuwar fari jiki ya zo, kowa ya ce masha Allah, aure ya karɓe ki. A wurin suna ko biki, "kin yi jiki" yabo ne. In kika rame kuwa, a ja ki gefe a tambaye ki ko lafiya kuke da maigidan.

Amma bakin da ya yabe ki shi ne zai sare ki. Bayan haihuwa ta uku, a wani biki, wata Hajiya da nake ganin girmanta ta dafa cikina a gaban mutane ta ce: "Malama, wani ne kuma a hanya?" Na ce a'a. Ta ce: "To wannan teɓar fa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida na cire leshin na jefa shi can ƙasan akwati, ban sake sa shi ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Ghana a 2022 ya nuna kusan rabin matan da ke tsakanin shekara 20 da 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Duk da haka a aji ina ganin ɗaya ɓangaren. Na taɓa kama wata ɗalibata mai shekara 14 tana gyangyaɗi kwana uku a jere. Da na matsa mata sai ta fito da wata kwalbar maganin ƙara cin abinci daga jakarta, yayarta ce ta ba ta wai don ta ciko. Irin wannan ruwan maganin yana sa barci. Akwai kuma ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu maganin kumburi ne mai ƙarfi da bai kamata a sha ba sai da izinin likita, domin yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. A aji guda kuma akwai wadda ba ta cin komai har a tashi, saboda wata mai rawa da take kallo a TikTok. Na yi musu faɗa dukansu. Ina faɗan ina jin kunya, don ni kaina shekara uku ban yarda an ɗauke ni hoto tsaye ba. Kullum ina bayan wani, ko ina riƙe da yaro a gabana.

Gwiwa ta ƙi

Na fara da tafiya. Bayan sallar asuba ni da maƙwabciyata mukan zagaya ta Kawukudi mu dawo, da hijabinmu da takalmin kambas. Mako uku abin ya tafi daidai. Sai muka ji daɗi muka bi 'yan ƙungiyar motsa jiki zuwa Ayi Mensah wata Asabar, inda jama'ar Accra ke hawan dutse a ƙafa zuwa Peduase ta hanyar Aburi. Hawan na yi shi da haki da salati. Saukowar ce ta kashe ni. Kwana biyu ina sallah a zaune, gwiwar hagu ta kumbura.

Da na koma asibiti likitar ta ce in ci gaba da tafiya a fili kaɗan-kaɗan, amma in nemi ruwa. Ta yi mini bayanin da ni ma nake koyarwa a ajin kimiyya ban taɓa ɗauka ya shafe ni ba: ruwa yana ɗaga abin da aka tsoma a cikinsa. In mutum ya tsaya a ruwan da ya kai masa ƙirji, ƙafafunsa ba sa ɗaukar fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Ga shi ruwa yana tare motsi ta kowane gefe, don haka ko tafiya kawai kika yi a ciki, tsoka da zuciya suna aiki, gwiwa kuma tana hutawa.

Na ce: "Dakta, ni Musulma ce fa." Ta ce: "Na sani. Nemi kayan da za su rufe ki."

Da na gaya wa maigidana na zaci zai ce a'a, in huta. Ya yi shiru, sannan ya ce: "In mata ne zalla kuma jikinki a rufe yake, je ki. Ba na son in juya ki a gado kamar yadda kuke juya Mma." Daga nan ba ni da sauran wanda zan laɓe a bayansa. Sai na ce wa kaina bari in rage kilo goma tukuna, sannan in sayi kayan. Wata huɗu ina wannan alkawarin, sikeli bai motsa ba. Abin da zai taimake ni in rage nauyin shi nake jira sai na rage nauyin kafin in fara.

Bayan labule a Kantamanto

Kantamanto da na tarar ba wadda na sani ba ce. Gobarar da ta tashi a farkon Janairun 2025 ta cinye mafi yawan kasuwar, kuma lokacin da na je rumfuna da yawa sababbin katako ne, ana ta buga ƙusa. Amma dilolin gwanjo suna nan suna shigowa a kan 'yan kaya, daga Ingila da China da Amurka da Kanada, ana yanka su ana rububi.

Matar da ta aike ni wurin mai burkina ita ce ta kira wani yaro ya kai ni layin masu kayan wasanni. A can aka zube mini tulin kayan iyo. Yawancinsu ba su kai girman hankici biyu ba. Na ɗaga wani da yatsa biyu, mai rumfar ya ce: "Madam, wannan na Italiya ne, sabo fil." Na ce ko 'yata mai shekara tara ba zan sa wa ba.

Na tono wata riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, irin na masu wasa da igiyar ruwa a teku. An rubuta XL. Aka nuna mini wurin gwaji: zani aka rataya a kusurwa, da wani tsagin madubi a jingine. Na shiga na fara kokawa. Rigar ta tsaya a ƙirji, ba ta sauka ba ta hau, hannuwana a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare. Zafi, gumi, ga hayaniya a waje. A wannan halin na juya na ga kaina a madubin.

A gida madubina daga kafaɗa zuwa sama yake nunawa, kuma da gangan na rataye shi haka. Rabona da ganin cikina da rana tsaka na manta. Na ga nankarwar haihuwa uku, na ga tabon aikin da aka yi mini a ta ƙarshe, na ga naman damtse da na cinya. Na tsaya a bayan zanin nan ina kuka ba sauti, rigar Turawa ta shaƙe mini wuya.

Wata dattijuwa da ke rumfar kusa, Bazabarma ce daga jin Hausarta, ta leƙo ta ce: "'Yata, lafiya?" Ta shigo ba tare da ta jira amsa ba, ta kama rigar ta baya ta zare mini ita kamar ana fiɗar akuya. Ta duba wuyan rigar ta ce: "Wannan dilar China ce. XL ɗinsu ba XL ɗin Ingila ba ne. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin harafin nan ya faɗi gaskiya ba. Ki zo da tef, ki auna kayan, ki daina auna kanki da su." Ta miƙo mini ruwan leda. Na koma gida ranar hannu wofi.

Asalin rigar da nake nema

Da dare na shiga intanet. A nan na san cewa burkini ba tsohon abu ba ne. Wata mata ce mai suna Aheda Zanetti, 'yar asalin Labanan da ta girma a Ostareliya, ta ƙirƙiro shi a 2004, bayan ta ga yadda wata yarinya 'yar'uwarta ke fama da zafi tana wasan ƙwallo cikin kaya masu nauyi. Sunan haɗi ne na burƙa da bikini. Yanki uku ne a bisa al'ada: wando dogo, riga mai dogon hannu da ke sauka har cinya, da hular da ke rufe kai da wuya, fuska da tafin hannu da ƙafa kawai ke waje.

Na kuma karanta rigimar da aka yi a kansa a Faransa a watan Agustan 2016, lokacin da garuruwa kusan 30 na bakin teku suka hana sa shi, har babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta dakatar da dokar ɗaya daga cikinsu a ranar 26 ga watan. A nan Ghana, inda ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari, ba wanda ya kafa mana irin wannan dokar. Namu cikas ɗin daban ne: kayan ba sa samuwa a kusa, wuraren iyo gauraye suke maza da mata, sannan ga bakin mutanen unguwa.

Masu sayarwa a Instagram suna da shi, amma kuɗin da suka faɗa mini, da na aikowa, ya kusa cinye kuɗin cefanen mako biyu, kuma ba a mayarwa in bai yi ba. Albashin malami bai san wannan wasan ba. Wani abin kuma, duk hotunan tallan 'yan mata ne sirara. Ko ɗaya ban ga mai irin jikina ba, balle in san yadda zai zauna mini.

Ni da telata

Mako biyu bayan nan na koma Kantamanto da tef a jaka da awona a takarda: ƙirji, ciki, ƙugu, tsawon hannu, tsawon ƙafa. Ban gwada komai ba. Na shimfiɗa kaya a kan tebur na auna. Na samu wandon motsa jiki mai roba, da rigar wasanni ta maza mai dogon hannu, da wata doguwar riga marar hannu da zan ɗora a sama. Duka ukun na duba takardar da ke cikinsu na tabbatar foliyesta ce.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta manne a jiki ta nuna duk abin da ake son rufewa, kuma tana jan mai koyo ƙasa. Foliyesta ba ta riƙe ruwa sosai, tana bushewa da wuri, kuma ta fi jure sinadarin kulorin da ake zubawa a wuraren iyo, wanda ke cinye robar yadi a hankali.

Na kai wa telata a Maamobi, wadda ta ɗinka mini kayan aure. Ta juya su ta ce: "Yaya, wannan kuma na wane biki ne?" Da na gaya mata ta riƙe baki, sannan ta ce in na iya ita ma za ta zo. Ita ta kawo dabarar da ta fi kowace amfani: ta sa 'yan igiyoyi a cikin doguwar rigar, ta gefe biyu, da madauki a ƙugun wandon, don a ɗaure su tare. In ba haka ba, da kin shiga ruwa rigar za ta taso sama kamar lema. Ta yi ɗinkin da zigizag, ta ce miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake in yadi mai roba ya ja. Daga ragowar wata rigar ta yanka mini hula mai rufe wuya, wadda ke kama fuska ba fil ba allura. Mayafi ko gyale ba na ruwa ba ne, yana iya naɗe wuya ko ya rufe hanci.

Kafin in fita da su na gwada a banɗaki. Na sa, na kwara bokiti biyu, na tsuguna, na ɗaga hannu, na sa ƙanwata ta duba ni ta baya a hasken rana ko ana ganin fata. Ba a gani. Kayan ruwan toka ne mai duhu, hular kuwa ruwan lemo. Daga baya mai koya mana ta yaba da hular, ta ce launi mai haske shi ake saurin hangowa in mutum ya nutse, baƙi da shuɗi ɓacewa suke a ruwa.

Ranar farko

Samun wurin ya fi samun kayan wuya. Akwai wurin iyo a Jami'ar Ghana da ke Legon, akwai kuma babban da aka gina a Borteyman don wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024, amma mu abin da muke nema shi ne awa biyu da ba namiji. A ƙarshe mu tara, malamai huɗu, ma'aikaciyar jinya, 'yan kasuwa uku da telata, muka yi karo-karo kamar adashi, muka kama kwamin wani ƙaramin otal daga ƙarfe shida zuwa takwas na safiyar Lahadi, lokacin da baƙinsu ba su tashi ba. Muka samu mace mai koyarwa, Kirista ce daga Osu, ta kuma yarda da sharaɗinmu ba musu. Doka ta farko da muka kafa: duk waya a jaka, ba hoto.

A ɗakin canza kaya kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ta naɗe da zani a kan kayan. Sai babbarmu, wata Hajiya mai shekara 58 da ke sayar da atamfa a Makola, ta yar da zaninta ta ce: "Ku dube ni da kyau ku ƙoshi, don ba zan biya kuɗi in tsaya a bakin ruwa ba." Muka fashe da dariya. A nan na lura da abin da ban taɓa tsammani ba. Wadda nake ganin ta fi mu kyan jiki, siririyar cikinmu, ita ta fi kowa daɗewa da zani, wai ƙafafunta kamar na sauro.

Na sauka matakala ina riƙe da ƙarfe da hannu biyu. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sai na ji gwiwar hagu ta yi shiru. Shekara da shekaru ban san tana ciwo kowane lokaci ba sai da ta daina. Ranar ba mu yi iyo ba. Mun koyi tsoma fuska muna fitar da numfashi ta hanci, mun yi tafiya daga bango zuwa bango. A mako na huɗu mai koyarwar ta sa hannu a ƙarƙashin bayana ta ce in kwanta, in kalli sama. Can na ji muryarta daga nesa. Ta daɗe da janye hannun. Ta ce mini masu jiki sun fi saurin koyon wannan, don kitse ya fi tsoka tasowa a ruwa. Karo na farko ke nan da wani ya ambaci kitsena ba a matsayin laifi ba.

Magana ta zaga unguwa, kamar yadda aka saba. Aka ce matan aure sun koma zuwa otal da asuba. Hajiya ta je da kanta wurin malamin da ke mana karatu ranar Asabar ta yi masa bayani, ta gayyaci matarsa ta zo ta gani. A karatun da ya biyo baya ya kawo labarin tseren da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha: ta tsere masa tana da ƙuruciya, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya yi mata raha. Na sha jin labarin. Ban taɓa lura ba sai ranar cewa jikin da ta yi bai sa an ce ta zauna a ɗaki ba. Matar malamin yanzu ita ce ta goma a cikinmu.

Inda nake yanzu

Wata takwas ke nan. Nauyina kilo 87, cikina santimita 96. Ba wanda zai gan ni ya ce siririya, kuma lissafin likita har yanzu yana sa ni a layin masu ƙiba. Amma ta ce rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ma yana taimakon jini da suga, nawa ya kai 7. Awon jinina na ƙarshe 132 bisa 84 ne, tare da maganin da ban daina sha ba. Ina sujada ba tare da na dafa bango ba. Ranar Lahadi ruwa, sauran kwanaki tafiyar asuba.

Ba zan ce na daina jin nauyin jikina ba. Akwai ranar da nake sa kayan in ji kamar buhun gawayi. Akwai Lahadin hunturu da ruwan ya yi sanyi na ƙi fita. Bambancin shi ne yanzu ina zuwa ko ina jin kunyar ko ba na ji. Madubin gida ma na sauke shi ƙasa kaɗan.

Ga 'yar'uwar da ke son farawa, ga abin da na koya da kuɗina. In kina da hawan jini, ciwon zuciya, farfaɗiya ko ciki, fara da likita. Kada ki jira sai kin rame kafin ki sayi kaya, sayi na jikin da kike da shi yau, in ya yi yawa tela na nan. Kada kayan su yi matsin da zai hana numfashi, kada kuma su yi faɗin da zai naɗe ƙafa. Ki jiƙa gashinki da ruwan famfo kafin ki sa hula, in kin fito ki ɗauraye jiki da kaya nan take, ki shanya a inuwa, ki shafa man kaɗanya don kulorin yana busar da fata. Kada ki shiga ruwa ke kaɗai ko da kin fara iyawa. Kuma kwami daban, teku daban. Tekun Accra yana da igiyar da ke ja ciki, wadda ko gwanaye ke tsoro.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna yanzu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Kowace Sallah yaranmu na zango suna cika motoci zuwa bakin teku. Na tambayi ajina mai ɗalibai 46 wa ya iya iyo. Maza biyar suka ɗaga hannu. Mace ko ɗaya.

Shi ya sa daga watan jiya muka ƙara rabin awa don 'yan mata. 'Yata ta fari tana ciki, da ɗalibar nan mai kwalbar magani, bayan na je har gida na roƙi mahaifiyarta. Telata ta riga ta ɗinka ƙanana guda shida. Ranar da 'yata ta fara sa nata, ta tsaya gaban madubi tana jujjuyawa, ta ce: "Mama, cikina bai fito ba?" Shekararta tara. Na san a bakin wa ta ji wannan tambayar. Na ce mata: "Ɗaga hannunki sama. Yana matse ki?" Ta ce a'a. Na ce: "To ya yi. Ɗauko tawul, Hajiya ba ta jiran kowa."